Ga mai son ƙera akwatin gem a gida: ka fara da abin da hannu zai riƙe

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka inda ka ce kana da tsohuwar kwamfuta a ajiye, kana kuma sha'awar ƙera akwatin gem na tsaye irin wanda muke jefa wa tsaba muna yara, amma ba ka san ta inda za ka faro ba, kuma kana tantamar ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, tun da yake yau wayar hannu ma tana buɗe waɗannan wasannin. Sau biyu na ƙera irin wannan akwati. Na farkon ya ci mini kusan wata biyar ina yi a ranakun hutu, na biyun kuwa bai kai wata biyu ba, kuma abin da na koya tsakaninsu shi nake so in miƙa maka domin kada ka faɗa ramin da na faɗa.

Tambayarka ta biyu zan fara ɗauka, domin ita ce uwar ta farko. Na yi shekaru ina buga Pac-Man da Galaga a waya da kwamfuta, amma kullum bayan minti biyar sai in ajiye raina bai kwanta ba, har na fara zargin ko yarinta ce kawai ta ƙawata mini su. Ranar da na fara tsayawa gaban akwatina, tun yana tsirara ba a shafa masa fenti ba, na kama sandar sarrafa wasan da hannun hagu, na tura ta na ji ɗan ƙas ɗin nan da take yi idan ta taɓa makunnin da ke ƙarƙashinta, a nan na gane abin da ya ɓace mini. Kewar a jiki take. Tana cikin tsayuwa da ƙafa biyu, da kafaɗar abokin karawa tana gogar taka, da sautin da ke sauko maka daga saman kai, da sanin cewa rai uku gare ka, idan sun ƙare sai ka matsa wa na baya. Idan wannan kake nema, waya ba za ta ba ka shi ba, kuma aikin ya cancanci wahalarsa.

Saboda haka kada ka fara da sayen katako. Ka fara da sanda da maɓallai, ka nemi kwali mai ƙwari ka huda shi, ka dasa su a kai, ka jona da kwamfutarka, ka ɗora a kan tebur ka yi mako biyu kana wasa a haka. A kan kwalin ne za ka gane ko yatsunka suna isa maɓalli na ƙarshe ba tare da ka ɗaga tafin hannu ba, ko ka bar wa wuyan hannu wurin hutawa, ko gwiwar hannunka tana karo da ta mutum na biyu. Kwali idan ya ɓaci sai ka yar ka ɗauko wani, amma rami a jikin katako ba ya komawa.

Maganar sanda ita ce wurin da na fi shan wuya, kuma ita mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wasannin farko irin su Pac-Man, wanda kamfanin Namco ya fitar a 1980, da Donkey Kong na Nintendo a 1981, an ƙera su ne da sanda mai zuwa fuska huɗu kawai, wato sama da ƙasa da hagu da dama. Wasannin faɗa irin su Street Fighter II na Capcom, wanda ya fito a 1991, suna buƙatar sanda mai fuska takwas, har da kusurwoyi, domin da su ake haɗa dabarun duka. Ni a akwatina na farko mai fuska takwas na saka, sai na ga a Pac-Man ina juyawa a kwana amma ɗan wasan ya wuce gaba ya faɗa bakin fatalwa, na ɗauka hannuna ne ya tsufa. Ashe idan sandar ta ɗan karkata zuwa kusurwa tana taɓa makunni biyu a lokaci guda, wasan kuwa ba a koya masa abin da zai yi da umarni biyu ba, sai ya rikice. Sandar Sanwa ta Japan, samfurin JLF, tana da wata ƴar roba mai rami a ƙasanta wadda ake juyawa ta koma fuska huɗu ko takwas, sai dai dole ka buɗe ƙarƙashin faifan da aka dasa sanda da maɓallai a kai kafin ka kai gare ta. A akwati na biyu sai na yi wa faifan murfi mai ɗagawa, kuma wannan ƙaramar dabara ta fi mini duk wani ado da na yi masa amfani.

Maɓallai shida ga kowane ɗan wasa sun isa, uku a sama uku a ƙasa, kamar yadda Street Fighter II ya jera naushi uku da shuri uku. Wasannin Neo Geo na kamfanin SNK huɗu suke nema, tsofaffin kuwa ɗaya ko biyu. Kada sha'awa ta kwashe ka ka jera takwas-takwas, faifan zai cika ya rasa kyan gani. Ka lura da girman rami kafin ka huda: maɓallan Japan yawanci milimita 30 suke so, ƙananan na farawa 24, irin na Amurka masu dogon jiki kuma 28. Akwai wani abu kuma da sai an yi ake sani, maɓallan Japan masu kunnuwan maƙalewa an yi su ne domin faifan ƙarfe mai siriri, ba za su kama katako mai kauri ba, don haka ka sayi masu noti ko ka rage kaurin katakon ta ƙasa. Haɗin waya bai kai yadda ake tsoronsa ba. Kowane makunni waya biyu yake ɗauka, ɗaya tasa ɗaya ta gama-gari, duka kuma suna tafiya zuwa wani ɗan allon lantarki da ke shiga kwamfuta ta USB. Ka manna wa kowace waya takarda mai suna tun kana haɗawa, domin wata rana gyara zai kama ka.

Sai allon kallo. Waɗannan wasanni an zana su ne domin tsohuwar talabijin mai ƙeya, mai faɗi huɗu tsawo uku, kuma hotonsu ƙanana ne ƙwarai. Na Pac-Man ɗigo 224 ne a faɗi da 288 a tsaye, domin allon nasa a tsaye aka kafa shi, haka ma na Galaga. Mai ƙeyar ita ce ke ba da asalin hoton da idonka ya sani, da taushinsa da ƴan layukan nan da ke ratsa shi, amma tana da nauyi, kuma cikinta akwai wutar da ke kai dubban bolt wadda take iya zama a ciki ko bayan an zare filogi. Idan ba sana'arka ba ce, kada ka buɗe bayanta, wannan magana ce ta rai. Ni shawarata ka nemi tsohon allon kwamfuta marar ƙeya mai inci 19 wanda bai da faɗin nan na zamani, ka kunna masa tsarin da ke kwaikwayon layukan tsohuwar talabijin. Idan kuwa talabijin ta zamani za ka saka, ka nemi saitin gem a cikinta ka kunna, domin tana ɓata lokaci wajen gyara hoto kafin ta nuna shi. Wasannin nan hoto kusan 60 suke saki a daƙiƙa guda, jinkirin hoto huɗu ko biyar kuwa ya isa ya sa ka yi tsalle bayan gangar da ake gangaro maka a Donkey Kong ta riga ta buge ka. Kada kuma ka yarda ka ja hoton ya cika faffaɗan allo, gara baƙin fili a gefe da mutane masu kumburarren jiki.

Kwamfutar da ka ce kana da ita ta wadatar, kada ka kashe kuɗi a nan. Manhajar MAME, wadda wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997, ita ce ke kwaikwayon tsofaffin injinan gem a kwamfuta, kuma tsari irin su Batocera yana sa kwamfutar ta tashi kai tsaye cikin jerin wasanni. Wanda ba shi da kwamfuta, ƴar ƙaramar kwamfutar nan da ake kira Raspberry Pi za ta yi masa aikin. Abu biyu kawai zan ja kunnenka a kai: fayilolin wasa dole su dace da zubin MAME ɗin da ka saka, in ba haka ba su ƙi buɗewa ka yi ta zargin na'ura, sannan yawancin wasannin nan har yau suna da masu haƙƙin mallaka, wasu kamfanonin ma suna sayar da su a tare, don haka ka bi ta hanyar da ta halatta.

Yanzu ne za ka je ga katako. Da MDF, wato katakon garin itace da aka matse, mai kaurin milimita 18 na yi nawa duka biyun, domin yana yankuwa sumul kuma fenti yana kwanciya a fuskarsa, amma yana da nauyi, ba ya shiri da ruwa, kuma ƙurarsa laushi gare ta kamar gari, tana shiga hanci da maƙogwaro, don haka a waje za ka yanka, da takunkumi a fuska. Gefunan biyu su ne fuskar akwatin. Ka zana ɗaya ka yanke, ka goge shi da samfefa har ya yi maka, sannan ka ɗora shi a kan ɗayan ka kwafa, domin idan ka auna su daban-daban ba za su taɓa zama tagwaye ba. Bakin da aka yanka yana shan fenti kamar soso. Na shafa wa na farko har sau huɗu bai daina tsotsewa ba, sai daga baya na koyi a fara toshe shi da gam ɗin katako da aka sirka da ruwa, ko a tsaga masa siririyar hanya a cusa robar baki irin wadda ke jikin akwatunan asali. Kafin ka yanke ko da falle ɗaya, ka ɗauki tef ka auna ƙofar ɗakin da akwatin zai zauna. Nawa na farko na yi wa faifansa faɗin da zai ɗauki mutum biyu a sake, na harhaɗa shi da gam da ƙusa, sai ranar shigar da shi ya ƙi wucewa, dole na ɓalle faifan da na fi wahala a kansa, kuma har yau tabon yana nan. Na biyun da noti na ɗaure faifansa, yana fita cikin minti biyu. Ka sa tsayin faifan ya zo maka wajen ƙugu yadda hannu zai sauka ba tare da ka sunkuya ba, ka yi ƙofa a baya, ka huda wa zafi mafita da ƴar fanka a sama, ka sa tayoyi biyu a ƙasan baya domin ka iya kishingiɗar da shi ka ja. Sifika kuma a saman allo take zama tana kallon ƙasa, da fitila a bayan hoton goshin akwatin, domin hasken goshin nan a ɗaki mai duhu yana daga cikin abin da ido yake kewa.

Akwai kuskuren da ba na katako ba ne, kuma shi ya fi kashe akwatunan mutane. Da na gama na farko na zuba masa wasanni dubbai, sai ya zamana ina tsayawa ina ta gangara jerin sunaye, in buɗe wannan in rufe in buɗe wancan, dare ya yi ban buga komai ba. Na kuma sa maɓallin da ke madadin jefa tsaba a kusa da yatsa, da na mutu sai in danna in ci gaba, wasan da a da yake sa gabana faɗuwa ya zama ba shi da gishiri. Masu ƙera waɗannan wasanni sun gina su ne a kan tsoron rasa rai. Ka dubi Space Invaders na Taito, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira a 1978: yayin da kake rage maharan, na'urar tana samun sauƙin zana ragowar sai su ƙara sauri, shi kuma ya bar abin a haka, kiɗan ma yana ƙara bugawa kamar zuciyar mai gudu. Wanda yake da rai marar iyaka ba zai ji wannan bugun ba.

A akwati na biyu wasa 25 kawai na bari, na mayar da maɓallin tsaba can ƙasa a jikin ƙofar gaba inda sai ka sunkuya, na kuma saita na'urar ta riƙa adana maki ko an kashe wuta. Ɗana, wanda ya tashi da wasannin zamani masu hoto kamar fim, da farko kallon tausayi ya yi wa Galaga. Da ya ga haruffa uku na sunana a saman jerin maki, sai ya jawo ƴar kujera ya taka domin hannunsa ya isa sandar. Wata uku ya yi yana bin wannan maki, ranar da ya wuce shi kuwa bai taɓa komai ba, ya bar allon a kunne har na dawo na gani da idona.

Idan ka haɗa naka na kwali, ka faɗa mini wasanni biyar da ka fi komawa gare su cikin makon nan biyu, domin su ne za su yanke mana ko allonka a tsaye zai zauna ko a kwance, daga nan sai mu fitar da awon katakon.