An biya ni da jabun 'yan dubu-dubu, zan iya tura su gaba?

Tambaya: Barista, ina da shagon kayan masarufi a Kano. Wani da nake yawan gani a unguwa ya sayi buhun sukari da magariba, na ƙirga kuɗin na jefa a durowa. Washegari mai POS ya zare 'yan dubu-dubu guda shida ya ce jabu ne. Maƙwabcina ya ce in cusa su cikin kuɗin sari idan na shiga kasuwa, tunda ni ma cutata aka yi. In na yi haka ina da laifi? Kuma yaya zan karɓo haƙƙina?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma shawarar maƙwabcin nan kada ka ɗauke ta, garin neman gira ne za a rasa ido.

Lokacin da ka karɓi kuɗin ba ka yi laifin komai ba, domin ba ka sani ba. Abin da doka ke kamawa a nan shi ne sani. Tun daga sa'ar da mai POS ya ce maka jabu ne, ka sani, kuma akwai shaidar da zai iya cewa a gabansa ka sani. Idan ka miƙa wa dila su bayan haka, ka tashi daga wanda aka cuta ka koma wanda ake tuhuma. Sashe na 20(4) na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya yanke wa mai buga jabun naira ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, sannan akwai dokar musamman kan jabun kuɗi ta 1984 da ta haɗa har da mai kashe su da mai ajiye su alhali ya san jabu ne. Babbar Kotun Tarayya ake kai irin wannan shari'a. Alƙali ba ya ganin zuciya, alamu yake dubawa: yawan takardun, ko an cusa su a tsakiyar na gaske, ko an taɓa ƙin karɓarsu a wani wuri. Dabarar maƙwabcinka ta tara biyu daga ciki.

Ware takardun shida a ambulan, ka ɗauki hotonsu yadda lambobin za su fito, ka rubuta rana da abin da aka saya. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ko bankinka, ka nemi a rubuta maka shaidar cewa kai ka kawo su da kanka. Banki zai riƙe su, ba zai canza maka ba, gara ka san wannan tun daga gida.

Haƙƙinka yana wuyan wanda ya sayi sukarin. Biya da jabu ba biya ba ne, har yanzu kana binsa naira dubu shida. Wahalar ita ce tabbatar da cewa daga hannunsa suka fito, tunda sun kwana a durowa tare da cinikin yini. Ka same shi cikin lalama gaban mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwarku, mai yiwuwa shi ma wani ne ya ba shi su. Idan ya ƙi, kotun majistare na nan, ko da yake ni a ganina zirga-zirgar za ta ci fiye da dubu shida. Kada ka yi masa ihun ɓarawo, duk abin da taro ya yi masa kai za a fara nema. In kuma 'yan sanda suka juyo da tuhuma kanka, sashe na 35(2) na Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har ka gana da lauya.

Gaba kuma, ƙirga ba dubawa ba ce. Goga yatsa a kan hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a dubu ɗaya, ko na Azikiwe a ɗari biyar: ta gaske tana da kaushi-kaushi saboda bugun ya ɗan taso, jabu santsi ne sumul. Ɗaga ta a haske, za ka ga hoton da ke ɓoye cikin takardar, zaren nan da yake kamar a yayyanke kuma ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe. A jabu galibi zana shi aka yi a sama. Sai lamba: takarda biyu na gaske ba sa ɗaukar lamba ɗaya, masu jabu kuwa sukan maimaita, don haka duba shidan nan naka yanzu. Mai jabu ya fi son magariba da lokacin cunkoso, ka sa fitila mai haske a kan tebur, damin kuɗi kuma ka buɗe tsakiyarsa tun mai shi yana tsaye.

Kada tsoro ya sa ka riƙa ƙin tsofaffin takardu. Bayan sauyin fasalin 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2023 cewa tsoho da sabo duk a ci gaba da karɓarsu.