Furen Okid Ɗina Ya Zubar da Furanni, Ganyensa Yana Yamutsewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu da suka wuce yayata ta kawo mini tsarabar furen okid daga Abuja, a cikin 'yar roba wadda ake hango saiwoyinsa ta jikinta. Fararen furanninsa sun yi wajen wata biyu, sannan suka zube. Ganin haka sai na mayar da shi cikin tukunya, na cika ta da ƙasa da takin awaki, kuma kullum safe ina ba shi ruwa. Yanzu ganyensa ya yi laushi ya yamutse, na ƙasa kuma ya koma rawaya. Shin ya mutu ne?
Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zubewar furanni bayan wata biyu ko uku al'adar wannan shuka ce, kada ta tayar miki da hankali. Inda matsalar ta faro shi ne ranar da kika binne saiwarsa cikin ƙasa, kuma mutane da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya.

Daga bayaninki, naki shi ne nau'in da masana tsirrai suke kira Phalaenopsis, sunan da aka raɗa masa a shekarar 1825. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indunusiya da Filifin, inda yake rayuwa manne a jikin reshen bishiya, saiwoyinsa a waje suna shan iska, ruwan sama yana jiƙa su, jim kaɗan su tsane. Kada ki ɗauka irin kauci ne, domin kauci yana tsotsar bishiyar da ya hau, shi kuwa okid mazauni kawai ya mayar da ita. Saiwar da aka halitta don iska, idan ta kwana ta wuni cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓewa take yi, kuma da zarar ta ruɓe ba ta iya kai ruwa ga ganye. Shi ya sa kika ga ganyen ya yamutse kamar mai ƙishirwa alhali yana zaune cikin ruwa, kuma duk ƙarin ruwan da kika yi masa don tausayi, ƙara masa ciwo yake yi.

Ki fito da shi yau ɗin nan, ki wanke ƙasar a hankali, ki duba saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Mai rai tana da ƙwari idan kika latsa ta, launinta fari-fari kamar azurfa idan ta bushe, sai ta koma kore shar da zarar ruwa ya taɓa ta. Matacciya kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi laɓo-laɓo, idan kika ja sai fatar ta saluɓe ta bar zare a tsakiya. Ki goge almakashi da sifirit ki yanke duk matattun. Ko saiwa biyu ko uku suka rage, matuƙar tsakiyar shukar, inda sabon ganye yake fitowa, ba ta ruɓe ba, to da sauran rai a jikinsa.

Sai ki mayar da shi cikin ƙaramar roba mai huji da yawa a ƙasa da gefe, ki cika da gutsattsarin ɓawon itace haɗe da wankakken gawayi. Ɓawon kwakwa ma yana yi, amma a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa don gishirinsa ya fita. Kada ki danna, ki bar iska tana ratsawa.

Game da ban ruwa, saiwar ce za ta gaya miki lokaci: idan ta yi fari ki kwarara ruwa ya tsiyaye duka, idan tana kore ki ƙyale ta. Yawanci sau ɗaya a mako ya isa, sai dai da bazara zai nemi fiye da haka. Ki ba shi da safe, kuma in ruwa ya taru a tsakiyar ganye ki tsane shi da auduga. Ruwan sama ya fi masa na burtsatse. Taki kuwa ki dakata har sai sabuwar saiwa ta leƙo, sannan ki sa na ruwa, rabin abin da aka rubuta a kwalba.

Ki ajiye shi kusa da tagar gabas, bayan labule mara kauri, domin ranar tsaka tana ƙona ganyensa. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 29, saboda haka a watannin Maris da Afrilu ki nema masa ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Da hunturu iska tana bushewa ƙwarai, sai ki ɗora robar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba, kina goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle. Amma hunturun yana da nasa amfanin, domin sanyin 'yan makonni shi yake sa wannan shuka ta fitar da sandar fure, wadda take ɗaukar kimanin wata uku kafin ta buɗe. Tun da naki ya sha wahala, mai yiwuwa ya tsallake bana yana gina saiwa da ganye, sai hunturun baɗi ki fara duba gindin ganyensa ko sandar ta ɓullo.