Injin dizal mai ƙwaƙwalwa: in saya ko in tsaya a kan na da?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa a Kura, mai silinda ɗaya. An ce mini yanzu akwai ƙananan injinan dizal da kwamfuta ke raba musu mai, ba sa shan gas sosai. Gaskiya ne? Kuma za a iya mayar da nawa haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne akwai su, amma bari mu fara da injin da ke hannunka. A cikinsa ƙarfe ne ke yanke hukunci: wani ƙarfe mai tudu da ke juyawa, wato kam, ya tura fulanja, sandar da ke cikin famfon mai, fulanja ta matsa mai, matsin ya buɗe nozul, bakin da ke fesa mai cikin silinda, idan ya kai wajen ba 200 (ba shi ne ma'aunin matsi), na'urar daidaita gudu da ake kira gwamna kuma ta ƙara ko ta rage man gwargwadon nauyin aiki. Lokacin feshin kusan a tsaye yake wuri ɗaya, ko inji na da sanyi ko ya ɗau zafi. Shi ya sa idan ka zuba shinkafa da yawa lokaci guda sai ka ga ya yi nishi ya turnuƙe da baƙin hayaƙi. Hayaƙin nan man da ka biya ne bai ƙone ba.

A sabon tsarin, na'urori ne ke auna gudun inji da zafinsa da matsin mai, su kai wa ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar injin, labari, ita kuma ta buɗe injekta, wato mafesar mai, da wutar lantarki a daidai lokacin da ya dace. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai bututu ɗaya da ke tara mai a matse ga dukkan silindoji, matsin kan kai ba 1,600 zuwa 2,000, wani ma ya wuce. Kamfanin Denso ya sa shi a manyan motocin Hino a Japan a 1995, sannan ya shiga ƙananan motoci a 1997 da motar Alfa Romeo 156, bayan Fiat ta ƙirƙira, Bosch ya kammala. Da irin wannan matsi mai kan fita laushi ƙwarai, kuma ana iya ɗan feshi kaɗan kafin babban, abin da ke rage ƙarar nan mai buga kunne.

Dokar hayaƙi ce ta turo wannan tsari cikin ƙananan injina. Ƙa'idar Turai ta mataki na biyar, wadda ta fara aiki a 2019, ta tsananta wa injinan da suka kai kilowat 19, wato wajen ƙarfin doki 25. Kamfanonin Kubota da Yanmar sun koma lantarki a wannan aji. Injinan da ke ƙasa da haka ba a matsa musu sosai ba, don haka yawancin masu silinda ɗaya har yau na fulanja ne, ko da yake kamfanin Hatz na Jamus ya fito da mai silinda ɗaya na lantarki a 2019.

Maganar mayar da naka kuwa, ka bar ta. Kan silinda da fistin da famfo duk an ƙera su ne don tsohon tsarin, kuɗin sauyin zai iya fin na sabon inji.

Abin da ya fi damuna shi ne mai. Tazarar da ke cikin injekta ta lantarki ba ta wuce 'yan maikron ba, alhali kaurin gashin kai wajen maikron 70 ne (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Ƙurar hunturu da ta shiga jarka, ko ruwan da ya kwanta a gindin duro, ko gas ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir, kowanne na iya cinye famfo da injektoci tare. Kananzir ba shi da santsin da ke shafa wa famfo, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Tsohon injinka zai yi tari ya ci gaba, bakaniken unguwa ya wanke nozul da yamma. Sabon kuwa tsayawa zai yi cik, sai an kawo na'urar karanta matsala, kuma idan batir ya mutu yawancinsu ba za su tashi da hannu ba.

Idan kana sayen gas a gidan mai da ka amince da shi, za ka sa filta mai raba ruwa ka riƙa zubar da ruwan, kuma akwai mai gyara da kayan gyara a kusa, to ragin mai da hayaƙi na sabon injin zai amfane ka, musamman da yake nauyin aikin casa hawa da sauka yake yi. In ɗaya daga cikin waɗannan babu, ka riƙe naka, ka kai nozul a gwada matsinsa, a gyara taimin, wato lokacin feshin mai, ka wanke filtar iska a kai a kai saboda ƙaiƙayi. Wannan kaɗai zai rage maka shan mai.

Don Allah ka gaya wa yaran shagonka: a injin lantarki ba a kwance bututun injekta don fitar da iska alhali injin yana aiki. Man da ke cikinsa na iya huda fata ya shiga nama, kuma duk wanda hakan ya sama a kai shi asibiti nan take ko da raunin ya yi kama da ƙarami.