Kada ka biye musu da zagi

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka yi da abokan karatunka masu cewa Musulmi duk 'yan ta'adda ne. Zagi dai bar shi, shi suke jira.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana Katsina a tsorace ya iso, ko kasuwa ba ya shiga. Ba mu yi masa wa'azi ba. Tuwo muka riƙa kiransa ci, ran Sallah muka kai shi Ƙofar Soro kallon hawa. Da zai tafi har da hawaye.

In sun kawo zancen Boko Haram, tuna musu masallatan da aka kashe a Babban Masallacin Kano a 2014. Ka kuma ba su labarin Liman Abubakar Abdullahi na Filato, wanda ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a 2018.