Tambaya da Amsa: Yadda Zancen Talabijin Ke Shiga Bakin Jama'a

Tambaya: Malam, nakan ga mutane suna ɗaga hannu, su raba yatsunsu biyu-biyu, suna yi wa juna fatan tsawon rai da wadata. An ce mini daga shirin Star Trek abin ya samo asali, alhali kuwa da yawansu ba su taɓa kallonsa ba. Ta yaya magana take fita daga shiri ta zama ta kowa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, a ganina masoya ne suke ɗaukar magana su fita da ita, domin shirin kansa bai yi dogon zango ba. Gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara nuna wannan labari na ƙagaggen kimiyya a 1966, ya dakatar da shi a 1969 bayan kashi 79 kacal. Sai dai wasu tashoshi sun ci gaba da maimaita shi, masu kallo suka haddace zantukansa, har suka yi babban taro a birnin New York a 1972. Wasiƙun da suka yi ta aikawa ne suka sa aka raɗa wa jirgin sama jannati na gwaji na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suna Enterprise a 1976, wato sunan jirgin da ke cikin shirin.

Gaisuwar da kika gani ta fara bayyana a 1967. Leonard Nimoy, wanda ya fito a matsayin Spock, ɗaya daga cikin manyan jaruman shirin, ya ce tun yana yaro ya ga irin wannan riƙon hannu a wurin ibadar Yahudawa lokacin da ake sa wa jama'a albarka, sai ya kawo shawarar a yi amfani da shi. Gaisuwa ce gajeriya, mai ma'ana mai kyau, ga kuma ɗan wahalar raba yatsun da ke sa wanda ya gani ya so ya gwada da kansa. Da farko masoya suna gane juna da ita, daga baya wanda bai san Spock ba ya ɗauka daga wurinsu, har aka saka ta cikin alamomin emoji a 2014.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata jimlar, "Beam me up, Scotty", wadda ake cewa Kyaftin Kirk, shugaban jirgin Enterprise a shirin, yana umartar injiniyansa Scotty da ita cewa ya ɗauke shi ya mayar cikin jirgi. Yadda jama'a suke faɗarta, ba a taɓa furta ta haka ba a shirin na asali. An dai yi maganganu masu kama da ita, bakin mutane ya gutsure su ya daidaita, har ta zama abin da mutum ke faɗa idan ya ƙosa ya bar wurin da ya ishe shi.