Amsa: ruwan waken suya madara ne?

Malam, ka tambaya ko ya dace a riƙa kiran ruwan waken suya madara, to ni dai gaskiya ban yarda ba. Tun 2017 kotun Tarayyar Turai ta ce sunan madara na abin da aka tatso daga dabba ne, Amurka kuwa a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ta ba da shawarar a ƙyale a ci gaba da kiran irinsa madara. Mu nan Katsina ai kunun aya muke cewa ba madarar aya ba, kuma ana saye. Abin da ke damuna wallahi, na ga maƙwabciyarmu a Ƙofar Ƙaura tana ɗura wa jaririnta ɗan wata 3 ruwan waken a fida wai ai madara ce, alhali nonon uwa zalla likitoci suka ce har wata 6.