Tambaya da Amsa: Ɗana ya sayi keken lantarki, hankalina ya ƙi kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ne ya sayi keken nan mai batir yana zuwa aiki da shi, ni kuma kullum gabana faɗuwa yake in na ga yadda masu irinsa ke kurɗawa tsakanin motoci, ba ƙara ba komai. Shi kuma sai ya ce wai "Mama ai keke ne kawai". Don Allah da gaske ba shi da haɗari?
Daga wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi kina da gaskiya, kuma wannan "ai keke ne kawai" ɗin ita ce matsalar. Direban da zai fito daga kwana in ya hango keke sai ya ɗauka da sauran lokaci ya sako kan mota, bai san abin na tafe da gudun kilomita 25 a awa ba, wanda a dokar Tarayyar Turai nan ne injin ke daina taimaka wa mai tuƙi, amma wasu sai su je a cire musu wannan takunkumin alhali birkin na nan yadda yake. Gudu kuwa in ya ninka biyu, nisan da za a ci kafin birki ya tsayar da mutum ninki huɗu yake yi, ga nauyi, da yawansu sun haura kilo 20.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shiga gefen tirela ko bas a mahaɗa, direban nan ba ya ganinsa a madubi sam, yana karya kwana shikenan. Ɗanki ya tsaya a bayanta kawai, ko da ya makara. Haka motocin da aka faka, ya ba su tazara, don ƙofa na iya buɗewa ba zato.

Masu tafiya a ƙasa su ma suna da haƙƙi a kansa tunda ba sa jin zuwansa, ya rage gudu ya kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, kada ya hau inda suke bi. Danja in ta nuna ja ta haɗa har da shi. Hular kwano dole, a ɗaure igiyarta a haɓa, fitila gaba da baya, abin jin waƙa kuma ya fita daga kunne.

Ki sa shi ya samu fili ya gwada taka birki yana cikin gudu, kina tsaye kina kallo, ya ga da idonsa inda keken zai tsaya.